Ƙwaya Uku a Carbin Kaka

Kakata Falmata ko sikelin mai nama ba ta yarda da shi ba, balle agogo. A gidanmu na Fagge, da an idar da magariba sai mu kewaye murhu, tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Wata rana na dawo daga Sabon Gari bakina cike da labari. A shagon baban ƙawata Ngozi, mai gyaran talabijin, mun kalli gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, inda wata mata ta kafa sabon tarihi a gudu. Na ce wa Kaka abin da ta rage a kan tsohon lokacin ko ƙiftawar ido bai kai ba.

"Wa ya riƙe agogon?" in ji ta.

"Na'ura ce, Kaka."

"To ita na'urar ba ta da mai ita? Zauna, mai ƙafar sauro, ga ta nan tafe."

Wai Barewa da Gada ne suka yi gardamar gudu. Hanyar dajin ba ta ɗaukar biyu, sai aka ce kowace ta yi nata daban, Dila ya ƙirga da tafi. Ashe Gada ta kai masa kaza tun da asuba. Da ta tashi, Dila ya riƙa tafi kamar mai gyangyaɗi. Da Barewa ta tashi, ya hau tafi da sauri kamar mai kiɗa. Saura kaɗan a ba Gada nasara, sai tsohuwar Kunkuru ta fito da tsakuwoyin da take ta ƙirga nata a gefe, asiri ya tonu.

"Kowa ya zuba wa ƙafafu ido," in ji Kaka, "ba wanda ya kalli hannu."

A shekarar ne makarantarmu za ta tura yarinya ɗaya tak gasar jiha a mita ɗari huɗu, ni kuwa na sa rai har ina mafarkinta. Muna da yawa, aka raba mu rukuni biyu: Ngozi a na farko, ni a na biyu. Malamin wasanni, Mista Sunday, shi ya riƙe agogo. Kaka ta nace sai ta je, ta zauna a gindin darbejiya tana jan carbi. Na ɗauka addu'a take yi mini.

Kowaccenmu ta zo ta ɗaya a rukuninta, amma Mista Sunday ya ce Ngozi ta fi ni sauri. Nan take na tuna cocinsu ɗaya da babanta. Ta miƙo mini hannu, na ɗauke kai na wuce.

Da yamma a bakin murhu na ture kwanon tuwo. "Kaka, yau na ga Dilanki ido da ido."

"Kin ƙirga, Yagana?"

"A'a."

"Ni na ƙirga. Ni ma ban yarda da shi ba, shi ya sa na ja ƙafata na je." Ta ɗaga carbin. "'Yar mai talabijin ta riga ki da ƙwaya uku. Wallahi har na so in yi miki ragi, yatsana ya ƙi."

Na sunkuyar da kai.

"Zargin kika tsinta a tatsuniyar," ta ce, "kika bar tsakuwar a ƙasa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Washegari na taka har Sabon Gari, na kai wa Ngozi takalmina kambas, don nata ya tsage. Da shi ta je gasar.

Kaka ta daɗe da rasuwa, carbin yana hannuna. Zargin ma na gada, ba zan ɓoye ba: duk sanda aka ce an kafa sabon tarihi, sai na tambayi wa ya riƙe agogon. Sai dai na daina buɗe baki a kan mutum kafin in ƙirga nawa.

Har yau tare muke kallon gasar da Ngozi, a waya, a shagon atamfarta na Kantin Kwari. Da ta ga babban yatsana ya fara motsi, sai ta zungure ni.

"Ƙirga da kyau, Hajiya. Har yanzu uku ne."