Tagar da Inna ta toshe

Ranar Juma'ar farko ta azumin shekarar korona, da hantsi, Inna ta kwashe duwatsun murhu daga tsakar gida ta kai su ɗakinmu. Ina ƴar shekara goma sha uku lokacin, a ƙauyenmu kusa da Cadawa. An rufe lakol, makarantarmu ta boko, rediyo sai faɗi yake wai ta numfashi cutar take bi. Gidanmu kuwa gidan yawa ne, mata duk wuri guda suke girki. Inna ta ce ita kam ba za a shafa wa ƴaƴanta ba. Ta cusa tsummokara a ƴar tagarmu, ta saki tabarma a ƙofa.

Ni ke ɗebo kara da busasshen kashin shanu daga bayan rumbu. Kara ya ci bal-bal ya mutu, kashin shanu kuma ya yini yana turnuƙe ɗaki, idanunmu jajur, kunu ma ɗanɗanon hayaƙi gare shi. Inna har ganyen dogon yaro take watsawa a garwashi, tana cewa, "Ku shaƙa, hayaƙi kashe cuta yake." Ƙanwata Barira, da ba a daɗe da yaye ta ba, kullum tana gindin murhu da ƴar tsanar da na yi mata da kara.

Ita ta fara tari, ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa. Ga shi ana ta raɗe-raɗin duk wanda aka ji yana tari, mota za ta zo ta tafi da shi Maradi. Sai Inna ta ƙara ɓoye ta. In matar kawu ta yi sallama, daga ciki take amsawa, "Lafiya lau, Yaya, barci take." Ranar da Baba ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, leɓunanta sun riga sun yi baƙi. Likita ya ce ba korona ba ce, hayaƙi ya cinye huhun. Barira ba ta ga Sallah ba.

Yanzu ni ma goyo gare ni. Murhuna a waje yake, ko da hadari ya haɗo. Uwar mijina takan yi mini dariya, "Ke dai da tsoro, mu da hayaƙi muka girma." Amma in ɗana ya yi tari ko sau ɗaya, sai na kara kunne a ƙirjinsa. In na ga ƴan mata sa'o'in Barira sun taso daga lakol, nakan tsaya in bi su da kallo.

Tagar Inna a buɗe take har yau, ko da sanyi. Ba wanda ya taɓa ce mata ta rufe.