Ranar da Baffa Ya Zo Neman Makiyaya a Taurari

Na dawo daga famfo da bokiti a ka, sai na ga sanduna jingine a bangon zaurenmu, ga takalman roba na makiyaya a bakin ƙofa, a gefe kuma ga takalmin Malam, limamin unguwarmu ta Yalwawa. Ba a yi rasuwa ba, ba a ɗaura aure ba. Ina shiga gida Inna ta karɓi bokitin ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Sa babban hijabinki. Ke ake jira." Har yanzu in aka ce ana nemana a zaure sai na tuna ranar nan.

Na san abin da na yi. A satin da ya wuce an yi suna a maƙwabtanmu, mata sun cika tsakar gida har wasu na zaune a kan turmi. Goggo, ƙanwar babana, ta zo daga rugarsu ta wajen Taura, ta rasa inda za ta miƙe ƙafa, sai ta hau mita. Ta ce tun da Dutse ta zama babban birnin jiha, inda ta san ana shuka gero duk ya koma gidaje, ga suna kowane mako, shin ina za a zuba mutanen nan in ƙasa ta cika?

Ni kuwa ban daɗe da gama sakandare ba, ilimi na yi mini ƙaiƙayi a baki. Na ce kada ta damu, malaminmu ya ce taurarin nan kowannensu rana ce irin tamu, kuma da yawansu, da wuya a ce babu wata ƙasa mai ruwa da iska tana zagaya ɗaya daga ciki, wadda mutum zai iya zama a kanta. Goggo ta kasa kunne. Wata mata ta ajiye cokali ta ce, "A'uzubillahi. Yarinya, ki iya bakinki, yanzu ba da ba ce."

Lokacin da shari'a ta shigo ke nan, ko'ina maganar da ake yi ke nan, kowa yana auna kalmarsa kafin ya furta. Don haka tsakanin ɗakin Inna da zaure na gama yanke wa kaina hukunci: na yi saɓo, za a kai ni gaban alƙali, za a yi mini bulala a gaban jama'a. Har na fara tunanin ko ana barin mutum ya sa zane biyu.

Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Baba yana gefe, ko kayan ofis bai cire ba, kansa a ƙasa. Malam yana jan carbi. A tsakiya ga Baffa, yayan babana, wanda har yau bai bar kiwo ba, da dattawan ruga biyu.

Baffa ya gyara murya. "'Yata, maganar da kika yi wa Goggonki. Gaskiya ce?"

"Baffa, na tuba."

"Ba tuba na tambaye ki ba. Akwai ciyawa?"

Na ɗago kai. Fuskarsa babu wasa.

"Wace iri ce? Gamba ce ko harkiya? Ruwan kuma, na gulbi ne ko sai an haƙa rijiya?"

"Ban sani ba, Baffa."

"Manoma fa, sun riga mu isa?"

Ɗaya dattijon ya matso ya tambayi ko akwai sammore a can, don shi ciwon nan ne ya cinye masa rabin garke a kudu. Ɗayan yana son sanin ko tafiyar za ta yiwu da 'yan maruƙa. Ni dai ina kuka ina cewa ban sani ba, a raina ina cewa haka alƙalai ma suke yi, su fara da ƙananan tambayoyi kafin su kai ga babbar.

Ashe abin da Goggo ta kai ruga shi ne, 'yar boko ta ce an gano sabuwar ƙasa, babu kowa a cikinta. Baffa kuwa burtalin da ya gada an nome shi, mashayarsa an kewaye ta da lambu. Har ya hana 'ya'yansa tashi da shanu zuwa kudu sai ya zo ya ji da kunnensa.

Baba ya ce a hankali, "Yaya, wurin fa a sama yake."

"Na ji a sama yake. Makka ma da a ƙafa ake zuwa, yanzu ga shi ana ɗaukar tsofaffi a jirgi. Abin da ya ɗauki alhazai zai kasa ɗaukar saniya?" Ya juyo gare ni. "Shi malamin naku, ya je?"

"Bai je ba."

"Wanda ya gaya masa fa?"

"Shi ma bai je ba. Da madubin hangen nesa suke hangowa."

"Hange." Baffa ya dubi dattawan, suka girgiza kai tare. Ya ce a wurinsu wanda aka aika duba makiyaya ba ya dawowa da baki kawai. Sai ya taka wurin, ya ɗanɗana ruwan, ya tsinko ciyawar ya kawo a hannu, sannan a yarda a kaɗa shanu. "Ku a makarantarku mutum yana ba da labarin wurin da bai taka ba, kuma a ba shi kujera?"

Na ce e. Na sake fashewa da kuka.

"To kukan na mene ne? Ni da na baro shanuna ban yi kuka ba."

Sai a lokacin Baba ya buɗe baki da abin da ke cinsa, ashe shi ya aika a kira Malam, tsoronsa ɗaya da nawa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, maganar tana yawo a unguwa. Akwai laifi a kanta?"

Malam ya ajiye carbi.

"Yarinya, cewa kika yi akwai, ko mai yiwuwa akwai?"

"Mai yiwuwa, Allah gafarta Malam."

"In akwai ɗin, wa ya halitta ta?"

"Allah."

"To ina saɓon? Wanda ya yi wannan ƙasar, wata za ta gagare shi?" Ya dubi Baffa. "In kun same ta ku yi mini magana. 'Yan Islamiyyata a kan cinyar juna suke zama, rabi zan ba ku ku tafi da su."

Baffa ya ce shi shanu zai kai, ba yara ba, ai saboda yawan yaran nan zai gudu.

Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Malam ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya tsaya a kaina ya ce, "Babu komai a kanki, babu mai kai ki ko'ina. Wanda ya sake tada maganar, ki ce ya zo ya same ni. Tashi ki kawo mana ruwan alwala."

Na yunƙura zan tashi. Sai Baba ya kama hannuna.