Hancin Murdo Gillies

Duk tsibirin babu wanda bai san hancin Murdo Gillies ba. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga aiki a matatar giyar wiski ta ƙauyensu, inda mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure gangunan katako. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana mirgina ganga a sito. Tun yana saurayi, in ya zare toshiya ya sunkuya, zai gaya maka wannan gangar giyar inabi aka fara zuba mata a Sipaniya, waccan kuwa daga Amurka ta zo. Mutumin kirki ne, amma fa kada ka kuskura ka yabi hancin wani a gabansa.

Da matatar za ta cika shekara ɗari, manaja ya ce za a zaɓi ganga ɗaya tak a ɗura a kwalabe, a buga sunan wanda ya zaɓe ta a jiki. Ganguna uku suka rage a takara, duk daga tukunya ɗaya, ɗurin rana ɗaya, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Murdo ne ya cika su da hannunsa. Ta ukun, wadda ke jingine da bangon da teku ke duka, ita ce 'yar lelensa, har shafa ta yake yi in zai wuce.

Sai ga manaja ya gayyato Ishbel Rennie, ita ma a yi zaɓen da ita. Ajinsu ɗaya da Murdo a makaranta. Aikinta liƙa takarda a jikin kwalba, kuma ko ɗigo ba ta sha, don 'yar coci ce ta gaske. Kwanakin baya ta sa aka tsayar da aiki saboda ta ji warin tsami a wasu kwalabe, aka duba aka tarar gaskiyarta ce. Tun ranar Murdo da ƙyar yake amsa gaisuwarta. Kishi ne tsagwaronsa, kuma da dalili: tun wata mura mai zafi da ya yi shekara biyu baya, hancinsa ya mutu. Ko matarsa bai gaya wa ba. Da launin giyar da wurin da ganga take zaune yake ta lallaɓawa.

Da hantsi aka jera kofuna uku a kan tebur, shuɗaye don kada launi ya ruɗi ido, lambar kowace ganga tana ɓoye a ƙasan kofi. Murdo ya ga yau babu launin da zai dogara da shi, amma bakinsa bai mutu ba.

"Ishbel, nan ba wurin shafa gam ba ne fa," in ji shi. "Kada ƙamshi ya kayar mana da ke, mu rasa abin gaya wa fasto."

"Kai dai riƙe wandonka, tsoho," ta ce. "Ni hanci na zo da shi, ba maƙogwaro ba."

Ya ɗiga ruwa a kowane kofi, ya juya, ya shinshina. Babu ƙamshin da ya ji. Ya kurɓa, zafi kawai ya ji a harshe. Na tsakiya ya fi ƙona shi, sai ya ce a ransa lallai wannan ce tasa, don ya san ta da ƙarfi.

"Na tsakiya," ya faɗa da murya sama. "Na farkon nan kuwa ruwan wanki ne, ko jaki ba zan ba shi ba."

Ishbel ta rufe ido ta bi kofunan a hankali. Ta ce na tsakiya yana warin ashana, na ƙarshe bai gama nuna ba. Da ta koma kan na farko sai ta yi murmushi.

"Wannan kam ya haɗu. Zabibi, ɓawon lemo, sai gishirin teku can daga baya."

Manaja ya shinshina, ya gyaɗa kai ya ce ya bi bayanta. Ya ɗaga kofin farko ya leƙa ƙasansa. Lamba uku ce.

Aka yi ta tafa wa Ishbel. Murdo ma ya tafa sau biyu, ransa kamar ya fashe. Shekara ashirin da biyar yana renon ganga, yau ya kira ta ruwan wanki a gaban jama'a, kuma sunan matar da ba ta taɓa ɗanɗana ta ba ne zai hau kanta.

Da mutane suka watse, ya tsaya yana juya kofin a hannu. Ishbel tana saka rigar sanyinta ta dube shi, ta gane hancinsa ya mutu. Wannan kallon ya fi komai yi masa ciwo.

"Ishbel," ya ce, bai ɗago kai ba. "Bayan zabibin, me kika ce kin ji? Maimaita mini. A hankali."