Na Musanya Kakin Mijina da Nawa

A lokacin ni mai tuwo-tuwo ce a kasuwar Yankara, kuma duk mai sayen hatsi ya san rumfata. Maigidana yana da injin casar masara a Daudawa, kullum cikin ƙaiƙayi yake wuni. Tari ya kama shi ya ƙi saki. Da asuba sai ya tofar da kaki mai kauri, wani lokaci kore, ga rama tana cin sa.

Da muka je asibiti, wata ma'aikaciya ta ba mu 'yar roba mai murfi, ta ce ya tofa kakin safe a ciki a kawo a auna. A hanyar komawa zuciyata ta kasa zama. Na san in aka ce tarin fuka ne a gidana, ko kare ba zai ci tuwona ba. Washegari ya miƙo mini robar ya ce in kai, shi ba ya iya hawa mashin. Na zaga bayan gida na wanke ta, na ƙaƙaro nawa na tofa, na kai asibiti. Sakamako ya fito babu komai. Har hamdala ya yi a gabana.

Damina ta wuce, ya fara tofar da jini. Likitan da ya duba shi a Funtuwa ya yi mamakin gwajin farko. Ya bayyana mana cewa majinar ƙirji ce ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake neman ciwon huhu a cikinta, kuma da an gano da wuri da magani ya tsayar da ɓarnar. Ya ce tarin fuka ne, huhu ɗaya ya riga ya lalace. Na sunkuyar da kai.

Ya sha magani, yana raye, amma an sayar da injin. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Har yau bai sani ba. Sau nawa ina buɗe baki in faɗa masa, sai ya riga ni da godiyar jinyar da na yi masa, maganar ta maƙale.

Na guji bakin mutane, na cuci wanda ya amince da ni. 'Yan uwa mata, in an ba ku robar nan, ku kai abin da mara lafiya ya tofa. Gulmar kasuwa kwana nawa ce? Huhun mijina ba zai dawo ba.