Makullin Yana Aljihuna

A zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke raye, ni ne shugaban 'yan kwana-kwana na ɗaya daga cikinsu. Mu shida ne, kuma kayan aikinmu ba abin nuna wa baƙo ba ne: kwat ɗin tamfol mai nauyin tsiya, takalmin roba da ke laushi in ƙasa ta yi zafi, da hular ƙarfe wadda in ta gasu kai ma ka gasu. Maganin hayaƙi kuwa tawul ne. Ka tsoma a bokiti, ka ɗaure hanci, ka yi bismilla ko ka kira Yesu, kowa da abin da ya gada.

Sai kamfani ya sayo na'urar numfashi guda biyu, tukunyar iska da ake goyawa a baya da abin rufe fuska mai gilashi. Aka kulle su a kabad, aka ba ni makulli. Ni kuwa na riƙe su kamar kwanukan jeren amarya, kullum gogewa, babu taɓawa. Dalili, in aka shaƙi iskar sai an kai tukunyar wani gari a cika, a yi makonni, ga masu duba kayan aiki sun fi son su tarar da allurar ma'aunin iskar a sama. Ni ma ina son yabo, ba zan ɓoye ba.

Ana gobe masu dubawar za su zo, da hantsi, wuta ta kama a siton auduga. Wutar auduga munafuka ce, tana ci ta ciki, ba ka ganin komai sai hayaƙi. Mataimakina, mutumin kudancin Kaduna ne da ya girme ni, kwano ɗaya muke ci. Ya leƙa ya dawo.

"Oga, wannan hayaƙin ba na wasa ba ne. Ba ni mashin ɗin numfashin nan."

"Haba Baba, mu da muka saba da tawul? Ai makullin ma yana wurin manaja, ya fita."

Makullin yana aljihun wandona.

Ya ɗaure tawul, ya ja mesa ya shiga. Da shiru ya yi yawa na bi shi, na jawo shi a sume. Washegari masu dubawa suka ga allura a sama, suka yaba mini. Shi kuma daga ranar bai sake hawa bene ba tare da ya tsaya ya dafa bango ba.

Masaƙar ta mutu tuntuni. Yanzu in na ga 'yan kwana-kwana sun nufi masana'antun Kudenda, kowa da rigar da wuta ba ta ci da wuri, da tukunyarsa a baya, ina yi musu murna, sai kunya ta rufe ni.

Bara na je ƙauyen Kakau inda mataimakin nawa ya koma, da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na same shi a kan tabarma, magana uku sai ya huta. Ban gama zama ba ya kira jikokinsa.

"Ku durƙusa ku gaida Malam. Shi ya ciro ni daga wuta. Ba don shi ba, da ba ku san ni ba."

Suka durƙusa. Matarsa ta fito da doya biyar manya, ta ɗaure mini. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Baba."

A gida aka daka sakwara. Yarana suka ci suna sa masa albarka. Ni ma na ci.