Jarkoki Tara a Ƙarƙashin Bene

Shekara ashirin da shida Baba Kwana-kwana ya yi yana kashe gobara, da ya yi ritaya kuma sai ya koma yaƙi da biro. Magana ɗaya yake ta nanatawa: a daina ajiye fetur a gidan da mutane ke kwana. Ya buga a takarda, ya raba, amma kullum masu karantawa su ne tsofaffin abokan aikinsa. Su gyaɗa kai su ce, "Wallahi ka faɗi gaskiya." To su da ko jarka ɗaya ba su da ita?

Wanda yake so ya ji shi ne mai gidan da 'yarsa take haya. Mutumin ya jera jarkoki tara a ƙarƙashin matakalar bene, kuma ta nan kaɗai jikokin Baba suke sauka. Sau uku yana aika masa takarda, sau uku ana tsintarta a kwata. Baba ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Malam," in ji matarsa daga kan keken ɗinki, "layinka na farko fa 'Ya ku jahilai' ne. Wa zai zauna ya karanta zaginsa har ƙarshe?"

Kwana biyu yana fushi da ita. A na uku ya zauna ya rubuta abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: ranar da ya shiga wani bene ta taga, ya tarar da uwa da 'ya'yanta biyu a bayan ƙofa, rai ya yi halinsa, kowa da takalmi a ƙafa. Sun shirya gudu, wuta ta riga su cin matakala. A wannan takardar bai zagi kowa ba. Ya gama, har ya manta bai sa suna ba.

Matarsa ta ninke takardar, ta cusa cikin ɗinkin da matar mai gidan ta kawo mata.

Bayan mako guda ya je duba jikoki. Ƙarƙashin bene wayam, sai shatin gindin jarkoki a siminti.

"Wata takarda iyalina ta karanta min, ta hana ni sakat," in ji mai gidan. "Baba, ka nemi mai ita ya koya maka rubutu, ka bar hayaniyar nan taka."



"Zan neme shi," in ji Baba.

Ya zauna a matakalar farko. Daga sama ya ji jikokin sun ji muryarsa, suna rige-rigen saukowa.