Ciwon da Barau Mai Inji Ya Sa wa Ido

Duk wanda ke noman rani a fadamun Gummi ya san Barau Mai Inji. Shekara talatin yana gyaran injin ban-ruwa a rumfarsa ta bakin kasuwa, kuma idan mai inji ya kasa kawowa, shi ke hawa babur ya bi shi har gona. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance.

A shekarar 2014, yana da sittin da biyu, fitsari ya fara yi masa gardama. Alwalar azahar ba ta kai shi la'asar. Bai gaya wa kowa ba, amma matarsa Saude ta lura da yawan zagayawar da yake yi, ta kira 'yarsu Lubabatu, wadda ke aikin jinya a Bukkuyum. Lubabatu ta zo ranar Juma'a, ba ta koma ba sai da ya yarda su tafi Sakkwato.

A can aka gwada jininsa, aka ce ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ce ake tuhuma. Likita ya yi masa bayanin cewa za a saka wata siririyar na'ura ta dubura, tana nuna hoton wurin a allo, sannan a bi hoton da allura a tsakuro nama kaɗan. Barau ya tambaya ko namiji ne zai yi. Aka ce masa eh, ya ce to a yi.

Bayan sati biyu sakamako ya fito: ciwon daji ne, amma ɗan ƙarami, irin mai jinkirin girma. Likitan ya ce fiɗa yanzu za ta iya barin sa da yoyon fitsari ba tare da ta ƙare shi da komai ba. Shawararsa ita ce a sa wa ciwon ido: gwajin jini duk wata shida, allurar tsakuro nama kuma idan lokacinta ya yi. Ya ba shi ƙwayar sauƙaƙa fitsari kawai.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Yayansa Sambo, wanda ya ga mutane da yawa da asibiti ta mayar gida ba fiɗa, ya ɗauka an sallame shi ne ya zo ya jira ajali. Kwana uku zaure cike da masu dubiya. Ran na huɗu Barau ya fito da kayan aikinsa, ya tarar da Sambo a ƙofa.

"Ina za ka, Barau?"

"Rumfa, Yaya. Ba sallama ta anka yi ba, rana anka ba ni in koma. Wanda za shi mutuwa ba a ba shi rana."

Ya riƙe ranakun nan kamar lokutan salla. A 2017 gwajin jinin ya nuna alamar ciwon ta ƙaru, Saude ta daina cin abinci sosai. Wannan karon likita ya tura shi Abuja, aka kwantar da shi cikin wata babbar na'ura mai kamar rami, mai ƙara, ta ɗauki hoton da ya fi na da fitowa. Aka ga wani ɗigo guda a gefen hagu. Da ya dawo Sakkwato, wurin nan kai tsaye aka nufa da allurar. Ya yi zazzaɓin kwana biyu, Lubabatu ta tsaya kansa har ya shanye maganin da aka rubuta. Naman ya nuna ciwon yana nan yadda yake, bai canza hali ba.

Daga nan ne maza suka fara tsayawa a rumfar ba tare da inji ba. Sai su jira mutane su ragu, su yi ƙasa da murya. Barau kan faɗa musu komai yadda yake, har inda ake saka na'urar. Wasu sukan tashi ba su ƙara dawowa. Jibo, masuncin da suka tashi tare, shi kam Barau da kansa ya kai shi tasha ya zauna kusa da shi har Sakkwato. Nasa ciwon ba irin na jira ba ne, aka yi masa fiɗa cikin wata guda. Damina biyu bayan haka yana kan jirginsa, yana ƙorafin cewa Barau bai taɓa gaya masa abincin asibiti ba gishiri ba.